Ramin Kashin Shanu na Sagiru

Zakka, ta Safana.

Zuwa ga yayana Hamma Yero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da zaman Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Inna na nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar nan.

Hamma, maganar ƙanenmu Sagiru ce. Da ya dawo daga Katsina, ya gina wani rami a bayan garke, ya rufe bakinsa, ya ja bututu har madafa. Ya ce in ana zuba kashin shanu da ruwa, iskar da zai fitar za ta dafa mana tuwo, mu huta da shiga dajin da kowa ke tsoro. Ta kuwa dafa. Wutar shuɗiya ce, ba hayaƙi, da rana ma ba a ganinta, sai dai ka ga tukunya na tafasa. Inna ta ce ita ba ta yarda da wutar da ba ta barin toka ba. Kuma ramin ci gare shi. Ruwan da muke ja masa ya fi na shanmu, kafaɗuna har sun yi kanta.

Ran Talata da hantsi ramin ya toshe. Sagiru ya buɗe, ya sauka da tsani. Ina kallonsa ya zauna can ƙasan ramin a hankali kamar mai zaman tahiya, bai ko yi tari ba. Na yi ta kira, shiru. Baffa Sule ya tare masu son bin sa, ya ce kowa ya shiga ba zai fito ba. Da ƙugiyar rijiya aka jawo Sagiru. Daga baya aka zura zakara da igiya, ya fito matacce, ko fiffike bai kaɗa ba.

Sagiru ya farfaɗo a asibitin Batsari, alhamdu lillahi. Likita ya ce iskar ramin ce, ba aljanu ba. Sai dai yanzu ba ya yawan magana. Kullum da safe yakan dube ni ya tambaya ko an ciyar da ramin. Baffa ya ce a cike shi da ƙasa, amma icenmu ya ƙare, daji kuma ba ya shiguwa. Don haka ba mu cike shi ba, nake ce wa Sagiru an ciyar, ni ce ma mai zubawa. In na kara kunne a murfin, ina jin sa yana numfashi.

Don Allah ka faɗa mana abin yi. Ka gaida matarka Ramatu da ɗanka Nurain. Inna na sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Fanta