Gorar Jan Ƙarfen Babanku

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ya aiki, ya mura ta ƙaramar? Mu nan alhamdu lillahi.

Gorar jan ƙarfen da ka aiko wa babanku ta iso, Allah ya yi albarka. Murna kamar an ba shi mota. Ko taɓa ta ba ya bari a yi, shi ke goge abarsa da lemon tsami, a ƙarƙashin gado take kwana. Sai dai akwai magana. Ya ji a waya wai ruwan da ya kwana a jan ƙarfe yana wanke jini, yana sauke hawan jini. Shi ke nan ya tattara ƙwayoyinsa ya watsa a durowa, wai ya gaji da zama bawan asibiti. Na yi magana, ya ce ni da ko takardar magani ban iya karantawa sosai ba. Ka san babanku, in ya kafe ko jaki albarka.

Jiya yana ɗaura takalmi na ga ya dafe ƙeya ya daɗe a sunkuye. Haka yayansa ya yi ta yi kafin ya faɗi.

To ga abin da na yi, kar ka gaya wa kowa. Da safe in ya shiga wanka sai in murƙushe ƙwayar da bayan cokali in zuba a gorar in girgiza. Ya ce ruwan ya fara ɗaci, wai ƙarfen ne ya fara aiki. Na ce haka ne Malam.

Ka gaishe da kowa. Taka,
Inna

Auta,

Bayan gaisuwa, ya gida ya yara? Allah ya sa kuna lafiya.

Ni dai ba na barci. Babanku ya je kemis an auna shi, jinin ya sauka daidai. Mai kemis ya ce ya ci gaba da shan maganinsa, babanku ya yi dariya ya ce wane magani. Yanzu duk wanda ya zauna a bencin ƙofar gida sai ya sha wa'azin gora. Wai ɗansa ya aiko masa da likitan da ba ya bin layi.

Ka tuna Tela, amininsa mai shago a bakin layi, wanda ya ɗinka maka kayan makaranta? Shi ma hawan jini gare shi, nasa ma ya fi. Ya sayo irin gorar a kasuwa. Matarsa ta shigo aron rariya take gaya mini ya daina shan magani, tana ta godiya, wai babanku ya buɗe musu ido. Wallahi rariyar sai da ta kusa suɓuce mini. Na ce mata a dai riƙa haɗawa da na asibiti. Ta ce ai naku bai haɗa ba, ga shi garau. Na miƙa mata rariyar ta tafi.

In na faɗa, na kunyata babanku a gaban unguwa, kuma ba zai ƙara shan komai daga hannuna ba. In na yi shiru, ga Tela. Ka kira ni in ba ya kusa.

Mahaifiyarka,
Inna

Auta,

Ina gaisuwa, amma yau ban iya doguwar tambaya ba.

Tela ya faɗi a kan keken ɗinki. Bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Yana asibiti, sun ce da rai, sauran sai Allah.

Babanku ya dawo daga dubiya ya ce gorar Tela jabu ce shi ya sa. Ya ɗauko tamu ya cika ta, wai zai kai masa ya sha a ɓoye, ba sai ma'aikatan sun sani ba. Na tsaya a bakin ƙofa. Na ɗauko fakitin ƙwayoyin na ajiye a gabansa, duk ramukan babu komai sai guda ɗaya. Na nuna masa cokalin. Na ce Malam, ɗacin nan ba na ƙarfe ba ne.

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ma ya yi. Zama ya yi a bakin gado da gorar a cinyarsa, yana kallon fakitin, har ruwan da na ɗora ya ƙone. Can ya ce in ba shi ta yau. Da kofin roba ya haɗiye ta.

Kar ka ce laifinka ne, kyauta ka yi. Ni ce na ga matar nan da rariya a hannu na yi shiru.

Yanzu yana sa riga. Ya ce in ɗauko mayafi mu je asibitin tare, shi zai gaya wa mutanen benci, ni in gaya wa matar Tela. Ban san da wane baki zan fara ba. Ka yi mana addu'a, ka yi wa Tela.

Innarka