Baba, Zalɓe Ta Fita Kunyarka

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da addu'a, Allah Ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma da sai ka ce boko tsutsa ce, a nemo mai karanta maka. Amma kwana tara ke nan da na kusa rasa matata Hauwa wurin haihuwa, kuma ba wanda ya kamata ya fara jin yadda aka yi sai kai.

Ka rasu ba ka san tana da ciki ba. Da ya kai wata bakwai iyayenta suka zo suka tafi da ita goyon ciki can ƙauyensu na bayan Dutsen Abba, tun da na fari ne. Ni kuwa aka bar ni da Inna, da makarantar da nake koyarwa, da tsohuwar motarka a ƙarƙashin darbejiya.

Bari in faɗa maka gaskiya, na tsani motar nan. Tun ran da Baturen audugan da ka yi wa tuƙi ya bar maka ita bayan yaƙin Bama, ka mai da ita 'yar gida. Tayoyi dogaye sirara masu waya irin na keke, rufin tamfol, fitilu a waje kamar idon kwaɗo, ga matakala dama da hagu. Mutanen Tudun Wada ba su yi ƙarya ba da suka sa mata Zalɓe. Da gara ta cinye katakon bodinta ka kawo kafinta ya sake shi da maɗaci, ka ce ko gara ta san ɗaci. Duk safiyar Jumma'a sai ka sa ni wana ta da ƙarfen nan na tayar da inji, ka buge min hannu in na zagaye shi da babban yatsa, mu je unguwar Kongo mu dawo yara na yi mana ihu. Wa ke wana mota yau, Baba, ga masu makulli?

Bayan rasuwarka na ci gaba da tayar da ita ne kawai don Inna na zama a bakin zaure tana sauraro. A ɓoye kuwa na riga na yi wa Malam Tanko maƙeri alkawarin in kaka ta yi ya zo ya kwashe ta, yana son ƙarfen sifirin da ke ƙarƙashinta ya ƙera lauje.

Ran nan da hantsi, bayan ruwan kwana biyu, wan Hauwa ya faɗo aji a kan keke, taɓo har gwiwa. Ya ce tun jiya take naƙuda, ungozoma ta yi iyakarta, jini ya fara zuba. Ka san abin da ɗanka ya yi? Na wuce Zalɓe ko kallo ban ba ta ba, na ruga gidan maƙwabcinmu Alhaji Sani na roƙi sabuwar motarsa, mai zagayen baya da gilashin da ake murɗawa. A wannan halin ma ina jin kunyar shiga garin surukai da tsohuwa. Alhaji, Allah Ya saka masa, ya ce in ɗauka har da direban.

Ta yi gudu kam, sai da muka kai kwarin da ke gaban ƙauyen. Nan ta kwanta da ciki a laka, tayoyin na juyi a banza. Direban ya ce wannan don kwalta aka ƙera ta, ba don gonar shinkafa ba. Na kwance keken wan Hauwa da muka ɗaura a bayan motar na juyo gida ina kuka, ina lissafin lokacin da girman kaina ya cinye mata.

Sau uku na wana Zalɓe. A na biyu ƙarfen ya yi tutsu ya dawo baya, da na riƙe shi yadda nake so da yatsan ya karye, da kuma ba mai tuƙi. A na uku ta yi tari ta kama. Inna ta miƙo min buta da tabarma.

Baba, da ka gan ta a kwarin nan! Na sa mata giya ɗaya yadda kake yi, ban taka mai da ƙarfi ba. Siraran tayoyin nan suka yanka laka har suka taɓo ƙasa mai tauri, ruwa ya tsaya a matakala, cikinta bai ko shafi taɓo ba. Muka wuce motar Alhaji a hankali, direbansa ya cire hula. Sai a lokacin na gane waɗanda suka ƙera ta ba wauta suka yi ba, a zamaninsu hanyoyinsu ma irin namu ne.

Muka kwantar da Hauwa a kujerar baya, kanta a cinyar uwarta. Wanta ya tsaya a matakala ya riƙe tabarma inda tamfol ke yoyo. A dawowa lagireto ya tafasa. Ka sha gaya min kada a zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi, a jira ya huce. Na waiwaya na ga leɓen Hauwa ya yi fari, na ɗebo ruwan rafi da buta na kwarara wa Zalɓe. Na ji ƙarar da ta yi, na san abin da na aikata. Duk da haka ta ja mu tana ƙwanƙwasa har ƙofar asibitin mishan, a nan ta mutu. Makanike ya duba ya ce injin ya tsage, ba gyara.

Malama Rahila, ungozomar asibitin, ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da gawa biyu muka kawo. Hauwa ta tashi, Baba, har tana shan kunu da hannunta. Yaron ma ya zo da rai. Shekaranjiya aka raɗa masa sunanka.

Ga abin da ya hana ni sukuni tun ranar suna. Gwaggonnin Hauwa suka miƙo min shi don tsokana, na sunkuyar da kai na fice, gida ya kwashe da dariya. Ɗan fari ne, ba dama in ɗauke shi a gaban mutane, ba dama in ambaci sunansa, alhali ƙirjina kamar zai fashe don son sa. Ina tsaye a bayan zaure sai na tuna ni ma ɗan fari ne. Shekara talatin ina zaton motar ka fi so. Ashe ba ka da wata hanyar zama kusa da ni ba tare da an yi maka dariya ba sai safiyar Jumma'a?

Na gode, Baba. Ka yafe min, ban gane ba sai da ka tafi. Allah Ya jiƙan ka, Ya sada mu inda ba kunya tsakanin uba da ɗa.

Ni ne ɗanka da ba ka taɓa kiran sunansa ba,
Garba