Tafi Uku na Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, ƙafar Kawu direba ma ta yi sauƙi, har ya koma tasha.

Yaya, maganar da aka gaya muku cewa ciwon maƙogwaro ne ya hana Inna karɓar wayar jikokinta ba gaskiya ba ce. Maƙogwaronta ƙalau yake, ni na jawo. Ka san tunda yaranka ba sa jin Hausa sosai ta matsa mini in koya mata Turanci, wai ba za ta mutu tana yi wa jikoki maganar kurame ba. Sai na bi da ita yadda nake yi wa ɗalibaina: kowace gaɓar kalma tafi ɗaya. Na nuna mata Bature yana jera baƙaƙe biyu ko uku babu wasali a tsakani, shi ya sa burodi a bakinsa "bread" ne, tafi ɗaya, a namu uku. Inna ta ce su dai Turawa gaggawa ta yi musu yawa. Mun sha dariya ranar.

To ni da iyayin malanta, sai na ɗauki muryarta a waya tana ƙoƙarin faɗin burodi da Turanci, na kunna wa ajina, a matsayin misalin cusa wasali inda babu shi. Wallahi ban faɗi sunanta ba. Ashe ɗiyar mai shagon layinmu da ke ajin ta gane muryar, ta baza labari. Yanzu da Inna ta fito sayen burodi sai yara su bi ta da tafi uku. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi! Cewa kawai ta yi ashe karatun nata na aji guda ne. Tun ranar ta daina karɓar wayar yaranka.

Kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Shekaranjiya na hango ta a kicin ita kaɗai, hannu yana tafi ɗaya, baki yana yin uku. Da ta ji motsina sai ta kama wanke kofi.

Roƙona ɗaya. Ka zaunar da ɗiyarka Auta ka koya mata faɗin burodi irin na kakarta, da tafinsa uku cif, sannan ku kira.

A gaida maiɗakinka, da ɗanka Babban Mutum, da Auta. Kawu yana gaisuwa.

Ƙanwarka mai laifi,
Malama