Harsashi Na Biyar

Shibecha, Hokkaido
18 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Fusae,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Kullum kina cikin addu'ata. Mu nan lafiya lau. Matata Tomie ta gama gishirta kabejin hunturu, ɗanmu Noboru kuma ya bugo waya daga Sapporo, ya ce matarsa ta kusa sauka.

Yaya, na gaji. Kin san shekara arba'in da ɗaya ke nan ina ɗura harsasaina da hannuna. Tun farkon bazara nake fama da wani sabon harsashi na tagulla, domin manoma sun dame ni, barewa na cinye musu ciyawar shanu. In na harba biyar a allon gwaji, huɗu za su taru wuri ɗaya, na biyar sai ya kauce da tafin hannu guda. Na rage albarushi, na ƙara. Na auna kowane kwanso a sikeli, na zubar da wanda ban yarda da shi ba. Har Tomie ta ce in ɗora ta a sikelin ita ma, ko ta samu in ɗaga kai in dube ta.

Ranar Lahadi Genzo, abokin farautata, ya raka ni filin gwaji. Ya ce in miƙo bindigar tun ban ƙarar da albarushin ƙasar nan kaf ba. Ya harba goma daga cikin harsasan nawa, bakin kofin shayi zai rufe su duka. Na jira tsiyar da zai yi mini, mutumin da bai taɓa raga mini ba, amma bai yi ba. Can ya ce ya daɗe yana ganin yatsana na rawa a kan kunamar bindiga, ya rasa ta inda zai fara faɗa.

Ashe wata biyar ina zargin ƙarfe, alhali jiki magayi. Gonar da barewar ke shiga, bayanta akwai hanyar da motar makaranta ke bi. Abin da ya kauce tafin hannu a kusa, a nesa wa ya san inda zai sauka? Jiya na kai bindigar wurin dillali, na mayar wa hukuma da lasisina. Yau da asuba na sa takalman daji kamar kullum, na zauna a bakin ƙofa har Tomie ta kira ni karin kumallo.

Ki gaishe mini da mai gidanki Rikizo, da 'yarki Sumie da 'ya'yanta. Tomie na gaishe ki. Noboru bai sani ba tukuna, ki bar ni in gaya masa da bakina.

Ƙaninki,
Isamu