Jar fitila ta kama a hannuna, Baba Ishaya aka kora

Ina tsakiyar rairayin nan tsakanin Mayahi da Cake, tankin ruwa cike a ƙulle bayan katkat, motar shiga daji ta kawuna, sai jar fitilar zafin buwat, akwatin giya, ta kama a tablo, allon gaban direba. Na gan ta sarai, ban tsaya ba. Salamu alaikum Admin, a ɓoye sunana, kuma don Allah masu komanta ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nike ma kaina ya isa.

Ni ɗan Tasawa ne, kawuna ya riƙe mu ni da mamata tun rasuwar babana. Bana da damina ta yi gardama rijiyoyi suka ja baya, shi ke kai ma garken wani ƙauye ruwa da motar. Direbanshi Baba Ishaya ne, dattijo mutumin Korgom, abokin babana. Kirista ne, ranar Lahadi shina egliz, wato coci, sai a ba ni makulli. Ya sha gaya mini motar otomatik ce, in tana jan kaya cikin rairayi akwatin giya, wato buwat, ke fara zafi kafin injin. In fitilar ta kama in tsaya in sa P, in bar injin na aiki har ta mutu da kanta. Har tsokanata yake, wai ɗan birni idonshi na kan salula ba kan tablo ba.

To ranar ana ɗaurin auren abokinmu na fada, wurin hirarmu, bayan la'asar. In tsaya rabin awa cikin rana saboda fitila? Na jingina salulata a gabanta don kar in riƙa ganinta, na taka. Har na fara jin ƙauri kamar an bar tuwo bisa wuta, giya na shiga da fizga. Na sauke ruwa, na dawo, na aje mota, na yi wanka na tahi biki. Ban gaya ma kowa ba.

Litinin Baba Ishaya ya ɗauke ta, bai kai Kanan Bakashe ba buwat ta mutu da tanki cike. Kwana ukku shanun nan ba ruwan kirki, wasu ba su tashi ba. Ga kayan gyara sun yi wuya tun da sojoji suka hau aka rufe iyaka. Kawu ya amshe makulli hannun Baba a bakin tasha, gaban 'yan kabu-kabu, ya ce tsufa ya kama shi, ba ya gani. Ina tsaye wurin. Mi ya hana ni magana? Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Yanzu wata biyu ba mai ba shi mota, kowa na cewa shi ne ya ƙona ta Alhaji, kawun nawa. Ran kasuwa na gan shi yana turin baro. Na so in kauce, ya kira ni, ya tambayi jikin mamata, har ya ce in gaishe ta. Da zan tahi ya riƙe hannuna.

"Ɗana, makaniken ya nuna mini man buwat ɗin, baƙi ƙirin. Ba tafiyar awa guda ke maida mai haka ba."

Na ce Baba ka yafe mini, ni zan gaya ma Kawu. Sai ya ce in yi hankali, ya san halin Alhaji tun ban san hagu da dama ba, in ya ji har mamata sai ta bar gidan nan, kuma ina za ta? Shi dai bai faɗa ba, ba zai faɗa ba.

Jiya aka kawo wata buwat daga Katsina ta ɓarauniyar hanya. Kawu ya ce daga Juma'a motar tawa ce gaba ɗaya, tunda ni yaro ne mai ido. Mamata har ta raba ma maƙwabta goro. In na amshi makullin na zauna bisa kujerar mutumin da ke rufa mini asiri yana turin baro. In na faɗi gaskiya, ba ni kaɗai zan fita da kaya ba.

Saura kwana biyu. Jama'a, in Kawu ya miƙo mini makullin nan, mi zan yi?