Ni Na Mayar da Agogon Baba Baya, Ƙanwata Ta Sha Dukan

Assalamu alaikum mai kula da shafi, da ku jama'ar da ke karantawa. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, wataƙila a can zagin zai fi samun wurin zama. Shawara nake nema, hukunci kam na riga na yanke wa kaina wanda ya fi naku zafi.

Ni mace ce mai shekara talatin da huɗu, ina aure a Tarauni, gidanmu kuma yana Gyadi-Gyadi. Mu uku ne a wajen Baba, mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Akwai babban yayanmu da zan kira Yaya Auwalu, sai ni, sai autarmu da zan kira Ummi, tana makarantar koyon aikin jinya. A gidanmu ni ce mai tsari. Biki ne, suna ne, kai Baba asibiti ne, ni ce mai biro da takarda, kuma abin da na rubuta shi ake bi. Ba zan ɓoye muku ba, ina da zuciya, hannuna ya fi bakina sauri, kuma na tsani a ce na yi kuskure. Mijina yakan tsokane ni ya ce ni ko rafkanwa na yi a salla sai na ce sallayar ce ta karkace. Da dariya nake yi, yanzu in ya faɗa sai in tashi in bar masa ɗakin.

Lokacin sanyin da ya wuce Yaya Auwalu ya biya wa Baba Umra, ya ce ni da Ummi mu raka shi. Ya kuma haɗa mana da 'yan kwanaki a wani ƙaton jirgin ruwa na shaƙatawa da ke tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, domin tun Baba yana aikin gwamnati yake cewa yana son ya ga tekun da Allah Ya tsaga wa Annabi Musa. Jirgin zai tsaya a wani gari na bakin teku a ƙasar Masar daga safe zuwa yamma, fasinjoji su sauka su ba ido abinci su dawo. Masu jirgin suna da motocinsu na zagayawa da mutane, kuma wata ma'aikaciya ta gaya min ƙarara cewa in motarsu ce ta makara jirgi zai jira, in kuwa mutum ya kama gabansa shi kaɗai to ba wanda zai jira shi. Na ce na ji, na kuma ƙi. Ina ni ina cusa Baba cikin ayarin da za a kai bakin ruwa shan rana, ba lokacin salla, ba wurin da tsoho zai miƙe ƙafa? Na zauna na tsara namu: mu sauka ƙarfe tara, mu ɗauki tasi na yini guda, mu shiga kwale-kwalen nan mai gilashi a ƙasa Baba ya ga kifaye, mu yi azahar a babban masallacin garin, mu ci abinci, sai kasuwa don tsaraba. Ana rufe ƙofar jirgi huɗu da rabi, ya tashi ƙarfe biyar, ni kuwa na rubuta mu kasance a tashar jirgin ƙarfe huɗu. Har yabon kaina na yi da na bar rarar rabin awa.

Kullum ana turo wata takarda ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinmu mai ɗauke da shirin gobe. Na ɗauka, idona ya sauka kan huɗu da rabi, na ninke na jefa a jaka. Ban kai ƙasa ba. A ƙasan kuwa da jan rubutu aka ce jirgi yana nan kan lokacin Saudiyya, kada kowa ya bi agogon wayarsa, domin waya za ta koma lokacin Masar da kanta, shi kuma yana baya da awa guda.

Baba yana da wani tsohon agogon hannu da aka ba shi ranar da ya yi ritaya. Tun da muka sauka Jidda ya saita shi da lokacin Makka, ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya koma Kano, albarka yake nema. Muna kasuwa, Ummi ta shige wani shagon turare da jerin sunayen gwaggwanni da maƙwabta, ni da Baba muna zaune a benci, sai ya duba hannunsa ya ce, "Uwata, huɗu fa ta kusa, ba za mu kama hanya ba?" Na duba wayata na ga uku ma ba ta yi ba. Dariya na yi masa. Na ce wannan lokacin Makka ne, yanzu a Masar muke. Na kama hannunsa, na kwance agogon, na murɗa shi baya da awa guda da yatsuna, na mayar masa na ɗaura. Ya dube ni ya ce, "To, ku ne 'yan boko." Shi ke nan abin da ya ce. Ashe agogon tsohon nan shi kaɗai ne mai gaskiya a cikinmu.

Ummi ta ɓata mana kamar minti ashirin wajen ciniki, har sai da na shiga na finciko ta. A tasi ban bar ta ta huta ba, ina ta faɗa ina cewa in muka makara ita ce. Mun isa tasha huɗu da minti ashirin a wayata, na sauka da gadarar mai sauran minti goma. Sai na ga wurin da jirgi yake wayam, ruwa kawai. Can nesa ga shi yana tafiya, ya koma kamar farar kwalla. Wani ma'aikacin kamfanin jirgin yana tsaye da fasfo ɗinmu uku da muka bari a jirgi a hannu, ya nuna min agogonsa ya ce biyar ta wuce a lokacin jirgi, sun yi ta kiran sunayenmu. Wallahi a take na gane komai. Na waiga, Baba ya duba agogonsa, ya ɗago ya dube ni. Daidai nan Ummi ta ƙaraso daga wajen tasi, ledoji niƙi-niƙi a hannu biyu, ba ta ji abin da mutumin ya ce ba, ta ce, "Anti, ina jirgin?"

Na mare ta. Ba marin gargaɗi ba, da dukkan ƙarfina na kifa mata tafi a kunnen hagu, har ni na ji ƙarar a cikin kaina. Ledojin suka zube, kwalaben turare suka tarwatse. Ban tsaya ba. Na shaƙo hijabinta na ja ta ƙasa, na ɗauki jakata mai ƙarfe a baki ina maka mata a ka da kafaɗa, ina ihu ina cewa ta kashe mu, ta cuce mu saboda banzan turare. Ta durƙushe a kan fasassun kwalabe, gwiwarta na jini, ko hannu ba ta ɗaga ta kare kanta ba, haƙuri kawai take ba ni. Me ya shiga kaina? Ina sane fa. Duk duka ɗaya da na kai mata ina sane da cewa ni ce, kuma kamar sanin ne ma yake ƙara wa hannuna nauyi. Masu gadi biyu ne suka ɓamɓare ni daga jikinta. Ina jin Baba yana cewa in bari, in bari, sai muryar ta sarƙe. Kafin in juyo ya zube a ƙasa, bakinsa ya karkace.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Mun yi kwanaki a asibiti a garin da ba mu san kowa ba. Da Yaya Auwalu ya kira yana tambayar yadda aka yi, ƙarya ta zo min a baki a shirye kamar na kwana ina haddarta. Na ce ƙarfe huɗu ake rufe ƙofa, mun iso huɗu da ashirin, kuma minti ashirin ɗin nan Ummi ce ta cinye su a shagon turare, baƙin cikin ganin jirgi ya tafi ne ya kayar da Baba. Ummi tana zaune tana jina. Ba ta taɓa sanin lokacin da aka sa ba, ni ce mai takarda, don haka ta yarda. Na ga jini a mayafin da take matashi da shi, na kawar da kai.

Ranar da muka dawo Gyadi-Gyadi, bayan an kwantar da Baba an yi la'asar, Yaya Auwalu ya sa sakata a ƙofar gida ya kira Ummi tsakar gida. Bai tambaye ta komai ba, ya zare bel ɗinsa. Yaya bai taɓa dukanta ba tun tana ƙarama, shi ya goye ta ranar da aka fita da gawar mahaifiyarmu, amma ran nan dukan kawo wuƙa ya yi mata. Ta faɗi ya bi ta da ƙafa, kan bel ɗin ya tsaga mata gira, ta rarrafa bayan randa ya jawo ta. Yana duka yana kuka yana cewa ta mayar masa da uba gawa mai numfashi. Ni ina ina? Ina tsaye a ƙofar kicin, jakar nan da takardar ke ciki tana rataye a kafaɗata. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da hannunsa, na haɗiye ta. An bar jaki ana dukan taiki, jakin kuma yana tsaye yana kallo. Maƙwabciyarmu Maman Grace ce ta cece ta, wata dattijuwa 'yar Kudancin Kaduna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da muka tashi muka gani a layinmu. Ta yi ta dukan ƙofa har matar Yaya ta buɗe, ta shigo ta shiga tsakaninsu ta riƙe bel ɗin, ta ce sai dai ya haɗa da ita.

Likita ya ce dodon kunnen Ummi na hagu ya fashe, ya yi ruwa saboda ba a kula da shi da wuri ba, jin da ya rage kaɗan ne. Kowa ya ɗauka dukan Yaya ne, har shi kansa, yanzu ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Ummi ba ta taɓa gaya wa kowa na taɓa ta ba. Maman Grace ce kaɗai ta tare ni a soro wata rana ta ce, "'Yata, ni na wanke kunnen nan ranar. Ciwon ya girmi dukan Auwalu." Ta tsaya tana jiran in yi magana, na ce ina sauri zan ɗauko yara daga makaranta.

Baba yana nan da rai, ɓarin dama ba ya motsi, magana ta tafi. Agogon yana hannunsa na hagu a kan lokacin da na murɗa shi, Yaya ya so ya gyara, Baba ya fizge hannunsa. Duk sanda na shiga gaishe shi sai ya ɗaga hannun ya miƙo min agogon saitin fuskata, idonsa a kaina. 'Yan gida suna cewa lokacin magani yake tambaya. In Ummi ce ta shiga kuwa kanta yake shafawa. Na rage zuwa Gyadi-Gyadi, ina fakewa da aiki, alhali tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba. Anya akwai 'yar da ta kai ni lalacewa, mai gudun uba mara lafiya saboda shi kaɗai ya san gaskiya kuma ba shi da bakin faɗa?

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru ranar Alhamis. Ummi ta zo gidana a Tarauni, ta durƙusa a gabana, ta ajiye min kwalbar turare ɗaya da ta tsira ranar, ta ce dama ni ta saya wa. Ta ce ta rubuta takardar barin makaranta, ranar Litinin za ta kai, za ta zauna ta yi jinyar Baba har iya rayuwarsa tunda ita ta jawo, ga shi dama ba ta jin bugun zuciya sosai da abin awo. Shekara ɗaya fa ta rage mata ta gama. Sai ta kama ƙafata ta ce in yafe mata wahalar da ta sa ni a ƙasar mutane. Maimakon ƙasa ta tsage in shige, bakina ya buɗe na ce na yafe. A hankali na faɗa, ba ta ji ba. Ta juyo min da kunnen dama ta ce, "Anti, sake faɗa, ta nan ba na ji." Na sake faɗa.

Takardar jirgin tana nan a jakata, jan rubutun bai goge ba. In na fito da ita, na san Yaya Auwalu, wanda ya yi wa autar da ya goya haka ban san abin da zai yi min ba, kuma ba dukan ne ya fi ba ni tsoro ba. Tsorona fuskar Ummi, ranar da za ta san na bari ta roƙe ni gafara sau biyu. In na yi shiru kuma Litinin za ta miƙa takardar nan, na cinye mata kunne na cinye mata karatu. In fara da ita ne mu biyu, ko in tara su gaban Baba in faɗa yana ji? Yau Asabar, jama'a. Me zan yi?