Ƙorafi Kan Cokalin Man Shanu da Ya Rushe Gwajin Abincina

Zuwa ga:
Manajan Kula da Ma'aikata,
Ofishin Gudanarwa, hawa na biyu.

Daga:
Mataimakin mai duba ingancin magani, Layi na Uku,
Lambar ma'aikaci 0417.

Litinin, 3 ga Maris, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAƁA TSARIN ABINCIN DA ASIBITI YA BA NI A ƊAKIN CIN ABINCIN MA'AIKATA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon a ba ni dama in gabatar da wannan ƙorafi. Ban saba kai ƙara ba, kuma sau uku ina yaga wannan takarda kafin in kammala ta.

1. Kamar yadda fayil ɗina ya nuna, an ɗauke ni aiki da difloma a fannin gwaje-gwaje, bisa gwajin wata shida da zai ƙare ranar 31 ga Maris. Tun kafin in zo ina fama da murɗar ciki, kumburi da gudawa. Abin ya kai abokan aiki sun daina kirana da sunana, sai Minti Biyar, saboda abin da nake ce wa shugaban layi kenan duk lokacin da zan ruga banɗaki. Ina dariya tare da su, amma ranar 27 ga Janairu na karɓi takardar gargaɗi ta farko.

2. Jami'ar abinci ta asibiti ta tsara mini in bar madara da duk abin da ya fito daga gare ta, da ƙwai, da alkama, da gyaɗa, har mako huɗu. Bayan nan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne mako guda, har a gane wanda cikina bai amince da shi ba. Na fara ranar 3 ga Fabrairu, na lissafa zan gama 30 ga Maris, kwana ɗaya kafin a yanke hukunci kan aikina.

3. Da yake dokar kamfani ta hana shigo da abinci daga waje, ofishinka ya sa hannu a takardar asibitin, aka manna ta a jikin firij na kicin. Tana nan har yau.

4. Kwana goma sha shida babbar mai dafa abinci, wadda kowa ke kira Inna, ta bi tsarin. Farar shinkafa, kifi da ganye. A karon farko tun da na fara aiki na tsaya a layin aikina daga safe har tashi. Na rame, gaskiya ne, har na ƙara huda bel ɗina, amma ban taɓa jin daɗin jikina haka ba.

5. Ranar Juma'a, 21 ga Fabrairu, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya kwantar da ni, na rasa aikin kwana uku. Na duba littafin da nake rubuta duk abin da na ci, shafi bayan shafi, har man goge baki na zarga. Ranar 27 ga wata na tambayi Inna cikin ladabi. Ba ta ɓoye ba. Ashe al'adarta ce ta binne wa duk sabon ma'aikaci cokalin man shanu a ƙarƙashin shinkafa har ya yi kumari, ni kaɗai ta ɗage wa saboda takardar asibitin. Da ta ga wando yana neman zame mini, ranar 19 ta mayar da cokalin, washegari ta murƙushe dafaffen ƙwai a cikin miyata. Ta ce ba za a ce ɗan mutane ya koma tsinke a kicin ɗinta ba, kuma takardar jikin firij ba ta san yunwa ba. Sannan ta ce ɗan nan, ai godiya ya kamata in yi.

6. Jami'ar asibitin ta ce tunda abu biyu aka haɗa, ba za a iya sanin mai laifin ba, dole a koma farko. Sabon lissafi ya kai 27 ga Afrilu. Ranka ya daɗe, wannan ya wuce wa'adina da kusan wata guda, ga takardar gargaɗi ta biyu an ce tana kan teburinka. Mahaifiyata ta riga ta gaya wa maƙwabta ɗanta ya samu aiki.

Saboda haka ina roƙo da ƙanƙan da kai:

(a) kada a lissafa kwanakin 24, 25 da 26 ga Fabrairu cikin fashin aiki;
(b) a ɗage yanke hukunci kan aikina zuwa ƙarshen Afrilu;
(c) a ba ni izinin ajiye kular abincina a ɗakin masu gadi, in riƙa ci a can.

Ba na neman a hukunta Inna. Tun da na zo, ita kaɗai ce ta taɓa tambayata ko na ƙoshi. A dai yi mata bayani daga ofis, don ni idan na yi, dariya take yi ta ƙara mini miya.

Na haɗa kwafin takardar asibiti da shafuka takwas na littafina. Yau ce rana ta ɗaya a karo na biyu. An kaɗa ƙararrawar cin abinci ina cikin rubutun nan, kuma ban sauka ba, domin ban san abin da ke ƙarƙashin shinkafar ba.

Ina jiran umarninka, tare da matuƙar biyayya da girmamawa.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Ma'aikaci mai lamba 0417, Layi na Uku.